Gishirin Ba-Yoyo

A layin da ke bayan kasuwa, inda kwata ke karkata ta bi gindin katangar masu gyaran firji, akwai wata rumfar kwano da hayaƙi ya rine har ba a gane launinta na fari. A nan Ba-Yoyo ya ci ƙuruciyarsa, a nan kuma furfura ta same shi. Yana da sunan yanka mana, amma in da shi ka zo tambaya, sai a yi ta kallonka kamar ka ɓace hanya. Ce musu mai zubin tukwane, ko ka ce Ba-Yoyo, yanzu a nuna maka rumfar da baki. Mata ne suka laƙaba masa sunan, su kuwa mata ba sa yabon tukunya don kunya. Tukunyarsa sai dai ta tsufa kunne ya ɓalle, ko gindi ya siɗe saboda yawan wanki, amma ba a taɓa jin ta kashe wa wata wuta da ɗiga ba.

Gajere ne mai faɗin kafaɗa, girarsa ta ƙone tun yana saurayi, ba ta ƙara fitowa da kirki ba. Yatsunsa kuwa kanta ta gama da su. Yakan ɗauki garwashi ya mayar cikin murhu yana hira, bai ma san ya yi ba. Matarsa takan ce da za a yanki yatsansa ɗaya a dafa, sai itace ya ƙare bai nuna ba.

Dako ya fara yi, ya ga bayansa zai ƙare kafin ya tara abin kirki, sai ya koma gun wani tsoho mai zubi, mutum mai faɗan tsiya wanda ba ya koyarwa da baki sai da harara. A gunsa ya koyi rarrabe kaya: gwangwanin lemo daban, fistin mota daban, firam ɗin taga da tsofaffin tukwane daban. Duk alminiyam ne, ko da yake a layin ba mai wahalar da harshensa, dalma kawai ake cewa. Ya koyi danna ƙasa mai laima cikin akwatin katako kewaye da uwar tukunya, wato samfurin da ake kwaikwaya, ya zare uwar a hankali ta bar gurbinta. Ya koyi juya ƙafar keken da ke hura wa gawayi iska har tukunyar narkarwa ta yi ja. Ya kuma haddace babbar dokar da tsohon ke maimaitawa kullum, cewa ruwa da narkakkiyar dalma ba sa ga maciji. Kowane gwangwani sai ya sha zafi a gefen murhu kafin ya shiga, ludayin ma sai an gasa shi.

Sai gishiri. Kayan bola ba da tsabta suke zuwa ba. Akwai fenti, akwai maiƙo, akwai ƙasa, siraran gwangwanaye kuma in ka bar su haka nan rabinsu toka za su zama. Amma da ka barbaɗa gishiri a kan narkakken, sai ya rufe fuskar, ya tattaro dattin wuri ɗaya, ka sa dogon ludayi ka kwashe baƙin kashin ka yar, dalma ta fito tana sheƙi. Ba a awo. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Kowace safiya tsohon kan tura shi cikin gida ya karɓo gwangwanin gishirin a hannun uwargida. Ya karɓo, ya kawo, shi ke nan. Wa ke tsayawa bin asalin gishiri?

Da ya tashi aure bai je da nisa ba. Akwai wani matashi mai tura amalanke yana bin gidaje sayen gwangwani, shi ke kawo musu kaya. Yayarsa Ba-Yoyo ya nema, aka ba shi. Mace ce mai ƙarancin magana da saurin hannu, in ta yi dariya sai ta kau da kai kamar ta yi laifi. Ba a daɗe da tarewa ba matar tsohon ta aiko kiranta, suka wuni su biyu a kicin. Da ta dawo ya tambaye ta me aka tattauna, ta ce maganar mata ce. Ya ɗauka gulmarsa aka yi, ya share.

Tsohon ya kwanta dama, 'ya'yansa ba mai son hayaƙi, sai rumfar ta faɗo hannun Ba-Yoyo, ya kama hayar ɗakunan da ke bayanta. Ƙofa ɗaya ce ta langa-langa tsakanin wurin aiki da tsakar gida. Safiyar gidan ba ta canzawa. Shi yana tsugune yana lallaɓa gawayi, daga kicin kuma yana jin ƙarar tas-tas da kartar cokali a gindin kasko. Bai taɓa leƙawa ba. A ganinsa abin kari ake haɗawa, namiji kuwa me zai je yi a can? In wuta ta kama sai ya ɗaga murya.

"Ke, ina gishirina?"

"Yana inda ka same shi jiya."

A bakin tagar kicin ke nan, cikin gwangwanin madara mai murfi. Shekara da shekaru tambayar ɗaya, amsar ɗaya, kuma ba wanda ya gaji.

An sha daɗi a zamanin nan, ba ƙarya. Mata kan zo da tsofaffin tukwanensu a ka, su zauna kan benci suna jira, wata ma ta ce lallai daga tukunyar uwarta za a zuba mata sabuwa, kada a haɗa da ta kowa. Masu sayar da abinci kan ba da aikin manyan da mutum biyu ke ɗauka. Hantsi na yi sai ga Mai Amalanke ya kunno kai layin yana ƙara, shi da amalanken ba a san wanda ya fi wani surutu ba.

"Mijin yaya, ga zinariya na kawo maka."

"Zinariyar gidanku. Rabin buhun nan ƙasa ce, ɗan bola."

"To ai ƙasar ma aiki kake da ita. Kyauta na ƙara maka."

Daga rumfar nan aka ci, aka sha, aka yi wa yara makaranta. Namijin ya kama tuƙin babbar mota, matan suka yi aure, Auta ma ta tafi wani gari da keken ɗinkinta. Tukwanen kamfani suka shigo kasuwa, sirara masu ƙyalli, rumfunan zubi na layin suka rufe ɗaya bayan ɗaya. Tasa kuwa ta ɗore, don sunan da mata suka ba shi yana nan. In an yabe shi yakan ɗaga hannayen nan biyu ya ce aikin a nan yake, kuma har ga Allah haka ya yarda.

Ciwon matar ya zo a hankali, irin wanda mai shi ke ɓoyewa sai ya fi ƙarfin ɓoyo. Auta ta zo jinya. Aka kai uwar asibiti, ba ta dawo da ƙafarta ba. Bayan an watse daga zaman makoki, gidan ya yi masa faɗi. Safiyar farko da ya koma aiki, wuta na kamawa ya buɗe baki zai kira, sai ya tuna. Ya tashi da kansa ya shiga kicin. A kusurwa ya tarar da wani babban gwangwani mai matsattsen murfi, cike da gishiri. Ya ɗiba ya fita, bai tsaya ba, don ɗakin duk ƙamshinta yake.

Gwangwanin nan ya kai shi har faɗuwar damina. Da ya ƙare, ya shiga kasuwa ya sayo buhu guda ya jingine a rumfa. A nan tsiya ta fara. Yana barbaɗawa sai narkakken ya riƙa tartsatsi yana tofi, har ya huda masa riga. Tukunya ta fito da kyau a ido, amma da ya bi ta da magagari sai ga ƙananan ramuka kamar tsinin allura. Ya ce gawayin ne, ya canza mai gawayi. Ya ce gishirin zamani ne, ya canza mai gishiri, ya sake canzawa. Yakan damƙi gishirin ya murza, yatsun nan nasa su ce masa lafiya lau. Ya huce a kan Mai Amalanke, ya ce jiƙaƙƙun kaya yake kawo masa, har suka yi kwanaki ba gaisuwa.

Ran nan sai ga wata mai sayar da abinci, wadda tun tana budurwa a gunsa take saye, ta sauke tukunya a gabansa. Ba ta zo da faɗa ba, da ma faɗan ta yi da ya fi sauƙi.

"Baba, ka yi haƙuri. Na so in yi shiru, amma tun safe take kashe mini wuta."

Ya cika tukunyar da ruwa ya ɗora kan busasshiyar ƙasa. Ba a jima ba ƙasar ta yi duhu a gindinta. Wani mai gyaran firji da ke leƙe ta katanga ya ce ai ruwa ba sa'an kwando ba ne, abokan aikinsa suka kwashe da dariya. Ba-Yoyo bai ɗaga kai ba. Ya canza mata wata, ita ma bayan kwana biyu ta dawo.

Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, in ji masu magana, amma shi ya duba ko'ina bai gano ba. Tun da ba gawayi ba ne, ba kaya ba ne, ba gishiri ba ne, to saura hannu. Tsufa ya zo, ido ya rage, hannun da yake taƙama da shi ya mutu. Abin da ya fi ci masa rai shi ne sunan. Yanzu in aka kira shi a layi, sai ya tsaya yana sauraron ko dariya za ta biyo baya. Ya yanke cewa gara ya rufe rumfar da sauran mutuncinsa, kafin sunan ya koma abin zolaya. Ya aika aka kira Mai Amalanke.

"Jibi ka zo da sikelinka. Uwayen tukwanen, da ludayan, da keken, duk ka kwashe."

Mai Amalanke ya nemi wata tsokanar ya rasa. "Mijin yaya, da gaske kake?"

"Ka taɓa ji na yi wasa da kai?"

"Kullum."

"To yau ban yi ba."

Mai Amalanke ne ya buga wa Auta waya, ita kuwa washegari ta sauka da jakarta. Ta yi lallashi, ta yi fushi, uban ya ce magana ta ƙare. Da ta ga ba ci, sai ta ce to kafin kawu ya kwashe, a zuba mata guda ɗaya ta tafi da ita.

"Kwando kike so?"

"Ko kwando ne, Baba, naka ne. Zan zuba zare a ciki."

Da safe ya fito ba don yana so ba. Ya tsuguna ya jera gawayi, ya kunna, ya kama ƙafar keken. Sai ya ji ta. Tas, tas-tas, da kartar cokali a gindin kasko. Hannunsa ya tsaya. Tun rasuwar bai sake jin ƙarar nan ba, kuma sai yanzu ya gane rashinta ne ya sa safiyar gidan ta zama kufai. Ya tashi, ya tura ƙofar langa-langa, ya je ya tsaya a bakin kicin.

Auta ce a kan kujera 'yar tsugunno, da wani baƙin kasko a wuta. Ba mai, ba ƙwai, ba komai a ciki sai farin gishiri, tana juya shi yana tsalle.

"Me kike yi haka?"

"Gishirinka mana, Baba. Saura kaɗan."

"Gishirina? Me ya same shi?"

Ta ɗago ta dube shi, tana jiran ya yi dariya. Bai yi ba. Ta ajiye cokalin.

"Baba, tun da Inna ta rasu, wa ke soya maka?"

"Soya me?"

"Innalillahi." Ta dafe kai. "Haka nan kake zubawa daga buhu? Da damina?"

Ya ce ai a bushe yake, ya taɓa ya ji. Ta kama hannunsa ta juya tafin sama, ta ɗebi gishiri daga kaskon da cokali ta zuba masa. Turiri na tashi, shi kuwa yana tsaye.

"Ka ji zafi?"

"A'a."

"To wanda bai ji wuta ba, ina zai ji laima? Gishiri shan ruwa yake daga iska, Baba, ko da ido bai gani ba. Ƙarar nan da kake ji ruwan ne ke fita. Sai ya yi shiru ake saukewa, a rufe shi da ɗuminsa. Matar maigidanka ce ta koya wa Inna, ita ma haka ta yi wa nata mijin har ya mutu. Ni ina ƙarama nake riƙe mata cokali in hannunta ya gaji."

Ya jingina da ƙyauren. Shi da ke gasa ludayi, shi da ke yi wa mutane wa'azin ruwa da dalma, ashe watanni da hannunsa yake zuba ruwa a ciki. Rashin sani ya fi dare duhu. Amma ba wannan ne ya fi damunsa ba.

"Me ya sa ba ta taɓa gaya mini ba?"

"Na tambaye ta. Ta ce mene ne abin faɗa a ciki? Wai kai in ka hura wuta zuwa kake ka gaya mata?" Auta ta koma ga kaskon don kada ya ga idonta. "Babban gwangwanin nan ma, kafin mu tafi asibiti ta cika shi. A zaune ta yi, don tsayuwa ta gagare ta. Na ce ta bari in yi, ta ce a'a, ni ina sauke shi da wuri. Ni kuma na ɗauka ka sani, wallahi. Da na san ba ka sani ba..."

Ya tsaya har gishirin ya yi shiru, ta juye a gwangwani ta miƙa masa, ya karɓa da hannu biyu.

Dalma ta narke, ya barbaɗa. Ba tartsatsi, ba tofi. Gishirin ya kwanta lumui, dattin ya taru, ya kwashe, fuskar ta fito fes yadda ya santa. Ya ɗaga tukunyar narkarwa da awartaki, ya tsiyaya cikin akwatin, hannun da ya ce ya mutu ko rawa bai yi ba. Da ta huce ya fasa ƙasar, ya yanke bakin zubin, ya bi ta da magagari ciki da waje yana neman rami. Bai samu ba. Ya cika ta da ruwa ya ɗora kan busasshiyar ƙasa, uba da 'ya suka zauna kan benci suna kallo.

Suna nan zaune aka ji ƙarar amalanke daga bakin layi. Mai Amalanke ya iso da sikeli a rataye, yau ba surutu. Ya dubi tukunyar, ya dubi mutanen biyu.

"Lafiya? Gawa kuke jira ta tashi?"

"Kawu, zauna ka yi shiru," in ji Auta.

Ya zauna. Rana ta matsa, inuwar rumfar ta janye daga ƙafafunsu. Can Ba-Yoyo ya miƙe, ya ɗaga tukunyar da ruwanta ya matsar gefe. Ƙasar tana nan fara ƙal, sai zoben da nauyin gindin ya bari. Mai Amalanke ya durƙusa ya shafa wurin da tafinsa, ya tashi yana murna.

"Ba-Yoyo ya dawo! Wallahi ya dawo! Masu firji, ku leƙo ku gani!"

"Rufe mini baki, ɗan bola."

"To sikelin fa?"

"Mayar da shi inda ka ɗauko. Gobe ka kawo kaya, masu kyau."

Mai Amalanke ya buɗe baki zai rama, sai ya ga fuskar surukin nasa, ya haɗiye. Tsohon ba murna yake ba. Hawaye ne ke bin kumatunsa yana ratsa baƙin hayaƙi, bai ko share ba.

"Yayarka ce," ya ce da shi. "Shekarun nan duka da sunanta ake kirana, ni kuwa ina amsawa. Ko sau ɗaya ban ce mata sannu ba."

Auta ta zubar da ruwan, ta goge tukunyar da gefen zanenta. Uban ya tashi ya nufi cikin gida, ya tsaya a bakin ƙofar ya waiwayo.

"Auta, kafin ki tafi, zo ki nuna mini yawan wutar da take sa wa kaskon."